Waɗanda aka taɓa leƙa wa hanji, ku faɗa mana gaskiya: da zafi ko babu?

'Yar Zazzau a Leicester:
Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda suka taɓa yi da kansu nake son ji, ba labarin an ce ka ce ba. A nan Ingila, daga shekara 50 zuwa 74, hukumar lafiya ta NHS na aiko wa mutum 'yar kwalba ta gidan waya duk bayan shekara 2, ya ɗan lakato bahaya ya mayar musu, su duba ko akwai jinin da ido ba ya gani. Na maigidana ya nuna jini, sun ce sai an yi masa kolonoskopi, wato a zura siririyar na'ura mai kyamara ta dubura a duba babban hanji. Shi kuwa ya kafe, wai basir ne kawai, kuma ba mai yi masa wannan tonon silili da girmansa. Me zan ce masa?

Malamin makaranta mai ritaya, Kano:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki ce masa wani dattijo a Kano ya ce ya je. Yayana ya daɗe yana ganin jini, ana ta ɗirka masa jiƙe-jiƙen basir, sai da ya rame ya soma kasa yin bahaya sannan aka gano dajin hanji ne, ya riga ya yi nisa. Allah Ya jiƙansa. Likitan da ya duba shi ne ya ce mu 'yan ɗakinsu duk a duba mu, don wanda ɗan'uwansa na jini ya yi, haɗarinsa ya fi na sauran mutane. Mu nan ba mai aiko maka kwalba gida, kai za ka nemi asibitin da ke da na'urar, ka biya daga aljihunka.

Aikin kansa bai kai yadda na ɗauka ba. An kwantar da ni ta gefen hagu, na naɗe gwiwoyi, aka yi mini allura a hannu, sai na ji jikina ya saki. Ina jin maganarsu sama-sama. A wurare biyu na ji murɗa, inda hanjin ya yi kwana, nas ta danna mini ciki da tafin hannu, ya wuce. Abin da ya ba ni wuya shi ne daren jajibiri. Maganin wanke cikin nan, lita 4 aka ba ni in shanye, ga gishiri-gishiri ga bauri. Kwana na yi tsakanin ɗaki da banɗaki, buta ba ta huta ba.

Maman 'yan biyu, Birmingham:
Baba, Allah Ya gafarta wa yaya. Lita 4 kuwa kun yi ƙoƙari! Ni Moviprep aka ba ni, lita 2 ne, sai ƙarin ruwa kamar lita 1 a kai, kuma raba shi aka yi: rabi da yamma, rabi da asubar ranar. Akwai ma Plenvu da bai wuce lita 1 ba. Rabawar nan ta fi sauƙin sha, kuma nas ta ce ta fi wanke hanjin. Dabarata: a sa shi a firji ya yi sanyi ƙarara, a sha da tsinken roba irin na lemo, a tura shi can bayan harshe, a bi da ruwa. Kuma a shafa Vaseline a wajen tun kafin gudawar ta fara, kar a jira sai ya soma raɗaɗi. Mu da muke tsarki da ruwa ma mun more, masu goga takarda su suka fi kuka.

Sai dai zan saɓa wa Baba kaɗan. Ni na ji zafi sosai. An taɓa yi mini aiki wajen haihuwa, likitar ta ce tabon ciki kan sa hanji ya manne, na'urar ta sha wuyar wucewa, kuma mu mata dama hanjinmu kan fi tsawo da lanƙwasa. Da farko iskar shaƙa na zaɓa, Entonox, irin wadda ake ba masu naƙuda, don in iya tuƙa kaina gida. Da aka yi nisa na ce su dakata. Suka dakata nan take, suka ba ni allura ta bututun da dama sun riga sun sa mini a hannu, suka juyar da ni rigingine, aka ƙarasa lafiya. Saboda haka kar a ce wa mutum babu zafi sam, in ya ji sai ya ga an yaudare shi. A ce masa yana da bakin cewa a tsaya.

Ɗan kasuwa daga Maraɗi:
Ni ba allura ba komai aka yi mini, ina kallon allon da idona. Kumburin ciki ne kawai da jin kamar bahaya zai kubce. Likita ya ce kar in damu, ba abin da ya rage a ciki, iska ce. Ya ga ɗan tsiro a bangon hanjin, ya sa wata 'yar waya ya shaƙe shi ya cire, wallahi ko tsikarin allura ban ji ba.

Hajiya a Jidda:
Ku duk maganar zafi kuke, ni kunya ce ta kusa hana ni. Na ce musu in ba mace ba ce ba zan yi ba, aka ɗaga mini rana har aka samu likita mace. Suka ba ni wani gajeren wando mai tsaga ta baya, aka lulluɓe ni, ɗankwalina ma yana kaina. 'Yar'uwa, ina ga abin da ke cin maigidanki ke nan, ba zai dai furta ba ne. Ya nemi namiji. Ba kullum ake samu a ranar da ake so ba, amma tambaya ba laifi ba ce.

Sai maganar salla, wadda takardar asibiti ba ta kawo ba. Da maganin ya fara aiki alwala ba ta zama. Na tambayi malami tun kafin ranar, ya ce mai lalurar ciki yana da rangwamen haɗa salla. Kowa ya tambayi nasa malamin. Kuma kar a yarda a sa ranar cikin azumi in ba dole ba, wankin cikin nan sai da shan ruwa mai yawa.

Direban babbar mota, Kaduna:
To ni nawa ba daɗi, kuma ba zan ɓoye ba. Wani asibitin kuɗi ne. Ba wanda ya yi mini bayanin komai, takarda kawai aka miƙo na sa hannu. Ina kwance tsirara rabi sai ga mutane suna shigowa suna fita, ƙofa a buɗe, har da wasu matasa da ban san ko ɗalibai ne ba, ba a nemi izinina ba. Aka hura mini iska cikina ya yi tam kamar ganga, na wuni ina juyi. Na'urar ba ta dame ni kamar wulaƙancin ba. Duk da haka an ciro tsiro biyu, gwaji ya nuna irin masu iya rikiɗewa su zama daji ne, don haka ban ce kar a je ba. A dai yi tambaya kafin a biya kuɗi.

Nas a sashen duba hanji, Landan:
Yallabai direba, wannan ba daidai ba ne ko a ina, haƙƙinka ne a rufe ƙofa a kuma tambaye ka kafin ɗalibi ya shigo. Kumburin da ka sha kuma yana da dalili: dole a buɗa hanji kafin a ga bangonsa, to in iskar ɗaki aka hura takan daɗe a ciki. Iskar kabon dayokzaid jiki na tsotse ta da sauri, wasu likitocin ma da ruwa suke shiga. Tambaya ce da mutum zai iya yi tun a waya: da wace iska kuke aiki, kuma wace allura kuke bayarwa? Mu nan yawanci midazolam ne da fentanyl, ba sa sa barci mai nauyi, mutum na iya amsa magana amma da yawa ba sa tuna rabin abin. A Amurka sun fi amfani da propofol, mutum ya yi barci ya farka an gama. Wanda aka yi wa allura ba tuƙi ba sa hannu a muhimmiyar takarda har awa 24, kuma sai da mai rakiya.

Abin da na fi gani a wajen mutanenmu shi ne abinci. Takardar asibiti da abincin Turawa take misali, sai mutum ya rasa inda tuwonsa ya faɗa. Kwanakin da aka ce a rage harza, a bar wake, zogale, kuka, kuɓewa, riɗi, gyaɗa, dabino, gwaba, da duk mai 'ya'ya ko ɓawo. Farar shinkafa, farin burodi, ƙwai, kifi da kaza ba laifi. In an shiga lokacin ruwa zalla, kunu da koko da fura ba sa ciki. Shayi ba madara, tataccen romo, ruwa. Zoɓo kuwa a'a, jansa kan rikita likita da jini. In hanji bai wanku ba, aikin da bai wuce minti 30 zuwa 45 ba sai ya ja, ko a ce a dawo a sake shan maganin daga farko. Mai shan ƙwayar ƙarin jini yakan dakata mako guda kafin ranar. Mai ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, ya faɗa da wuri, kar ya tsayar da magani da kansa.

Anti ta Leicester, kafin a ba maigida rana sai ya zauna da ƙwararriyar nas tukuna, ku je tare, ana ba da tafinta kyauta in yana so. Mafi yawan waɗanda gwajin kwalbar ya nuna wa jini ba daji ake samu ba. Yana iya zama basir ɗin da yake faɗa, amma samun basir ba ya hana a samu wani abu can sama da shi.

Malamin makaranta mai ritaya, Kano:
Malama nas, Allah Ya yi albarka. Ki ƙara musu da cewa in an gama kar a riƙe tusa don kunya, a ɗakin hutun kowa sakinta yake, nas ɗin ma ita ke cewa a saki.

Nas a sashen duba hanji, Landan:
Haka ne Baba, a sake ta, a ɗan zazzaga, a sha shayi mai ɗumi. Ɗigon jini kaɗan bayan an cire tsiro ba abin tsoro ba ne. Amma in jini ya yi ta zuba, ko ciki ya riƙe da ciwo mai tsanani, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti a daren, ko da an kwana biyu da yin aikin.