Yau 3 ga Fabrairu: Wane Littafi Za a Ɗora a Kanta?

Mai Kanta:
Salamu alaikum. Ga 'yan baituka kan allon "rana irin ta yau" da ake kafawa a ƙofar laburare, inda ake haɗa abin da ya faru da littafin da za a karanta a kansa. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Bismillahi, da shi nake buɗe baki,
Kan allon da ke faɗin tarihin rana.
Kati 366 ake yankawa,
Har 29 ga Fabrairu sai an tuna.
A kan kowane kati abu biyar ake so:
Kwanan wata, wuri, da abin da ya wakana,
Sai littafi da lambarsa ta kanta,
Na biyar shafi, daga nan zuwa nan a nuna.
Shafi 10 zuwa 15 ya wadatar,
Minti 20 mai karatu ya zauna.
Ka ce masa "karanta wannan" ɗungurungum,
Ya tafi ke nan, sai dai ka dangana.
Yau 3 ga Fabrairu, ga abin da katin ya ce:
A 1903 Nasara ya ci Kano, ku auna.
Wane littafi za a ɗora a kanta?
Ga fili ga mai doki, a yi magana.

Bazazzagiya:
Malam, katinka ya yi kyan tsari,
Sai dai ka ɓoye rabin labari.
Ranar da igwa ta daki Kabuga,
Sarki Alu ba ya cikin gari.
Ya tafi Sakkwato da manyan dakaru,
Sarkin Shanu kaɗai aka bari.
A ɗauko na Abubakar Dokaji,
Wato Kano ta Dabo Cigari.
Hausa ce sassauƙa, yaro zai iya,
A Zariya muka buga musu, a yi haƙuri.
Amma a haɗa da na wanda ba Bakano ba,
Don gani biyu shi ne nazari.
Bakano in ya faɗi a gaban jama'a,
Sai ya ce tsalle ya yi da sauri.

Ɗan Ƙofar Mata:
Hajiya, sassauta, kin taɓo giwa,
Tumbinta ya haɗiye dubunki ba ƙwarewa.
Rundunar da ta zo, a ina ta kwana?
A Zariya ta yi shiri kafin tasowa.
Tun 1902 suna zaune gidanku,
Ba harbi, ba gudu, sai gaisawa.
Mu kuwa Bebeji ta tare su a hanya,
Sarkin Shanu ya tsaya har mutuwa.
Waziri Ahmadu a Kwatarkwashi ya faɗi,
Gaba ya nufa, ba batun juyawa.
Littafin yau Tarihin Kano ne, na dauri,
Wanda daga Bagauda ya faro ƙirgawa.

Gwaggon Yara:
Kai! Allah ya yi maka albarka, ɗana. Magana ta ƙare. Zage-zagi a tattara tabarma.

Bazazzagiya:
Gwaggo, a dakata da guɗa tukuna.

Alhaji, littafin nan ka buɗe shi,
Ko daga nesa kake gaishe shi?
A kan Sarki Bello alƙalamin ya tsaya,
Alu bai hau ba aka rufe shi.
Ko basasa ba ta shiga ciki ba,
1903 ina za ka samo shi?
Yaro ya zo neman Nasara a ganuwa,
Ka haɗa shi da Barbushe ya yi ta bin shi.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a irin allon nan: sunan gari ya dace, zamani bai dace ba. A duba babin ƙarshe na littafi kafin a rubuta shi a kati.

Ɗan Ƙofar Mata:
Na ji, na karɓa, kin ci wannan,
Makaho ma yakan tsinci allura wata ran.

Basakkwace:
Kun cika muna kunne da Kabuga da Bebeji,
Watan ga namu na, watan hijira.
Shehu ya bar Degel zuwa Gudu,
10 ga Zulƙida 1218, ku lura.
In za a juya ta zuwa ta boko,
A ninka da 0.97, 622 a ƙara.
Lissahi shi ba ka 1803,
Ka rubuta hakanan, ka yi asara.
Don cikin Afrilun 1803 shekarar ta kama,
Zulƙida ko tana wutsiyar shekara.
Sai ta faɗa 21 ga Fabrairun 1804,
Ninki na ba ka kusa, jadawali ka gyara.
Ta Hijira kwana 354 ta,
Da kwana 11 ta boko ta ɗara.
Shi ya sa tunawa ba ta zama wuri guda,
Bana da ɗari, wata shekara da bazara.
A rubuta kwanan wata biyu bisa katin,
A ja layi ƙarƙashin wanda anka ɗora.
Manya su ɗauki Infaƙul Maisuri na Bello,
Da Tazyinul Waraƙati, Abdullahi ya tsara.
Ɗiya ko a ba su Waƙar Gewaye,
Ta Nana Asma'u, su zauna su rera.

Wani tarkon kuma: in tsohon rubutu ya ce "daren Litinin", daren Lahadi na ga lissahin boko, don rana na kamawa tun magariba. Nan ne kwana guda ka ɓacewa.

Gwaggon Yara:
Ilimi dai akwai, ba a musu. Amma waƙar Ɗan Ƙofar Mata ta fi zaƙi a kunne.

Malam Mai Aruli:
Subhanallahi. Ashe za mu ga ranar da za a zuba 0.97 a cikin ɗango? Malamai, lamba a takarda gajera ce, a baki kuwa doguwa. 1903 alama huɗu ce ga ido, amma ka furta ta: a-lif-ɗa-ri-ta-ra-da-u-ku, gaɓa tara. Kun cusa gaɓa tara a gurbin uku, kuna kiran abin waƙa. Amsa-amo kaɗai ba ya mai da zance waƙa. Ga yadda ake yi, a karin waƙa na Mutaƙarab, ƙafar fa'ulun sau huɗu:

Karatu na kullum ya zam babu fashi,
Idan babu hujja a bar shi ya kwanta.
A nemo shi shafi, a auna shi tsaf-tsaf,
A miƙa wa yara, su zauna, su furta.
Ka sa shekara can a gefe da lamba,
Ta faɗo a ɗango, karin duk ta ɓata.

Bazazzagiya:
Allah gafarta Malam, mun ji karatu,
Sai dai ma'auninka ya ɗan karkata.
"A bar shi" da ka sa a ɗango na biyu,
"Shi" gajera ce, ƙafar ta ɗingisa, ta turgata.
Kuma "a nemo shi shafi" wace Hausa ce?
Ka murɗe wuyan jimla don kari ya huta.

Malam Mai Aruli:
Ba karaya ba ce, 'yata. Zihafi ne, sunansa ƙabli: fa'ulun ta koma fa'ulu, kuma halal ne a Mutaƙarab. A koma makaranta. Sannan "turgata" ba kalma ba ce, kin ƙera ta ne don ki sami "ta".

Bazazzagiya:
Na ƙera ta, Malam. Kai ka ƙera jimla, ni na ƙera kalma. An yi canjaras.

Basakkwace:
In zihafi ya halatta ga Malam,
Mu ma lamba ta halatta gare mu.
Mutaƙarab ba shi faɗa maka ranar Tabkin Kwatto,
Yunin 1804 sai ka zo wurinmu.

Ɗan Ƙofar Mata:
Makaɗan fada ba su san fa'ulun ba,
Kalangu da taushi ne ma'auninsu.
Malam ya je ya ce musu sun karya,
Ya ga ko zai dawo da rawaninsa a hannunsu.

Malam Mai Aruli:
Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Mai kiɗa ganga ke riƙe masa kari. Kai da ba ka da ganga, me ke riƙe maka? Kuma ɗangonka na ƙarshe ya fi na farko tsawo da taku biyar, ma'anarsa ma ta juya: rawanin a hannun wa?

Gwaggon Yara:
Malam, a bar yaron nan ya sha iska. Duk wanda ya taɓa Bakano sai an kawo masa sikeli, amma da Basakkwace ya ce "na" da "ta" a ƙarshen zance ba wanda ya tanka.

Basakkwace:
Gwaggo, wagga ita a Hausa ta asali.

Ɗan Damagaram:
Na makara kwana biyu, na tarar an bar littafi an kama sikeli. Ga nawa, ko ya ɗingisa.

Allonku ya tsaya a bakin iyaka,
Sai ka ce bayan Jibiya ba a shuka.
A 1899 Faransa ta ci Damagaram,
Shekara huɗu kafin ta Kano, ku ji haka.
A 1926 aka mai da babban birni Yamai,
3 ga Agusta 1960 tuta ta ɗaukaka.
18 ga Disamba 1958 ranar Jamhuriya,
Kati huɗu kyauta, Malam, ɗauka.
Tarihin Najeriya 966.9 yake a kanta,
Na Nijar 966.26, gefe aka saka.
Mai nema ya tsaya a lamba ɗaya ya juya,
Ya ce babu, alhali ga shi gabanka.
A katalog kuma Zinder za ka tarar,
Ka nemi Damagaram, ba ka ga naka.
A rubuta suna biyu a kan katin,
Da "duba kuma", su haɗu duka.

Haka Sokoto da Sakkwato, haka Niamey da Yamai. Laburaren jami'a kuwa galibi ba wannan lambar suke bi ba: a can Najeriya DT515 ce, Nijar DT547. A rubuta lambar da ke gadon bayan littafin da ke hannu, kada a kwafo ta wani wuri.

Mai Kanta:
Madalla, ɗan'uwa. Biyu daga cikin katinka na da rana, biyu shekara kawai ka ba mu, kuma nan ne aikin yake.

Wata rana cunkus, wata rana wayam,
Tarihi bai raba kwana daidai da ɗaya.
Ita 3 ga Fabrairun nan da muka faro da ita,
A 1976 ma ta kafa tarihi a Najeriya:
Murtala ya mai da jihohi 19,
Ya ce babban birni ya koma Abuja, tsakiya.
Kwana goma tsakani, ran 13 ga wata,
Aka harbe shi a Legas a kan hanya.
In abu biyu sun haɗu a rana,
Ɗaya a fuskar kati, ɗaya a baya.
Bana a karanta wannan, baɗi wancan,
Allo ba ya ɗaukar kaya kan kaya.
Ranar da ba komai kuwa, a yi hattara,
Nan ne alƙalami ke zamewa ƙarya.
Gaskiya Ta Fi Kwabo, Janairun 1939,
A rubuta wata kawai, a tsaya.
Gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja,
Da Ganɗoki da Shehu Umar, a Zariya,
Shekara ce a hannu, sai ta shiga ambulan,
Na cike gurbi, can a ma'ajiya.
Ranar wayam a zaro ɗaya a kafa,
A ce "a shekara kaza", ba "rana irin ta yau" ko jiya.
Kwanan wata kuma sai da shaida biyu,
Waɗanda ba su kwafi juna ba tun baya.
Goma da suka ɗebo a rijiya guda,
Ko sun cika ɗaki, shaidarsu ɗaya.

Bazazzagiya:
"A Zariya." Na gode, Malam Mai Kanta. Alhaji, ka ji inda ake buga littafi.

Ɗan Ƙofar Mata:
Ku buga, mu saya, mu sayar muku da riba,
Kasuwar Kurmi ba ta taɓa faɗuwa ba.

Mai Ɗinkin Littafi:
Kuna ta faɗa kan fa'ulun da fa'ulu,
Gara na can ta mai da kanta abinci.
Katakon ƙasa ya ɗaga santimita 15,
A janye shi daga gini, damina na da zalunci.
In kwafi ɗaya ne, ba a ba da aro,
A karanta a nan, a mayar kan lokaci.
Don ranar da allo ya ambaci littafi,
Ran nan kowa ke so, har da maƙwabci.
Kar a jingina shi a taga don a gani,
Rana na cin launi, bangon ya ɓaci.
Hoton bangon ake mannawa a allo,
Shi kuwa yana ciki, cikin aminci.
Salatif a kan yagewa ba gyara ba ne,
Ya yi ja, ya bar tabo, ya ci aikin marubuci.
Tsohuwar jarida a shimfiɗe ake ajiye ta,
A kan ninki take karyewa in ta ga lokaci.
Na ajami warwara ne a cikin gafaka,
Kalmar ƙasan shafi ce jagorar makaranci.
In sun hautsine, ita za ka bi ka jera,
Ita ce farkon shafi na gaba, ba ƙunci.
Fensir kawai a teburin, biro a aljihu,
Yawu a yatsa kuwa rashin mutunci.

Gwaggon Yara:
To, wannan kam ko ba Bakano ba ne ya yi.

Malam Mai Aruli:
Shawarar ta yi, ban da ja. Amma an maimaita "lokaci" sau biyu a amsa-amo, wannan aibi ne. "Santimita 15" kuwa ban ma san ta inda zan fara yanka ta ba.

Mai Ɗinkin Littafi:
Da zarto, Malam. Katako ne.

Basakkwace:
Malam Mai Kanta, katin 15 ga Maris namu na, ranar yaƙin Giginya da Nasara, 1903. Da na 27 ga Yuli, ranar Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta. A aje muna su, kar Bakano shi taɓa.

Ɗan Ƙofar Mata:
Na 8 ga Agusta kuma nawa ne, ranar da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Littafin zan buɗe shi har babin ƙarshe kafin in kawo, Hajiya ta kwantar da hankalinta.