Filtar mai ta ƙi kwancuwa: sukundireba ko sifana?

Direba: Jama'a ni fa ban ga amfanin sayen sifanar filta ba. In ta ƙi fita da hannu ka kafa mata sukundireba ka buga da guduma har ya ɓullo ta ɗaya gefen, ka murɗa, shikenan. Ai dama yar da ita za a yi.

Makaniki: A'a malam, kar ka koya wa mutane wannan. Gwangwanin filta ba shi da kauri, in ta ɗauru sosai sukundireban yaga ta zai yi kamar takarda ya bar ka da gindin nan mai ramuka maƙale a jikin inji ba abin kamawa. Ya taɓa faruwa da ni, da kurfi da guduma na dinga bugun ramukan a hankali ina tsoron kar in ji wa mazaunin rauni, baƙin mai na bin hannuna har gwiwa, juyen man da bai kai rabin awa ba ya cinye min yini.

Direba: Oga ni sau nawa na yi ba ta taɓa yagewa ba

Makaniki: Sa'a ka yi, taka ba ta ɗauru ba ne. Da samfefa ka naɗa mata ka kama da hannu ma da ta fito.

Mai Corolla: Toh wacce za a saya kenan? Na ga mai sarƙa, na ga mai bel, ga mai yatsu uku, ga kuma wadda take kamar kofi

Makaniki: Ka fara duba motarka tukuna. In akwai fili a gefen filtar, bel ko sarƙa sun wadatar, amma ka kama ta kusa da gindi inda ta fi ƙwari, kuma ka goge man da ke jikinta don bel santsi yake yi. In ta wajen kan filtar kaɗai hannu ke kaiwa sai kofi ko mai yatsu uku, ita wannan kana murɗawa tana ƙara damƙewa.

Wani dattijo: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk gardamar nan kan filtar gwangwani ce. Toyota da yawa filtarsu takarda ce kawai a cikin murfi, ita ake canjawa a mayar da murfin, wani ma na roba ne. Yawanci kofi mai milimita 64 da tsagi 14 ke shigarsa, ɗaurinsa kuma 25 Nm a ma'aunin ƙarfin murɗawa. To ɗana direba ina za ka kafa sukundireban a nan?

Direba: Baba wannan kam na sallama, amma a ta gwangwani ina nan kan bakana 😂

Yaron gareji: Ni dai abin da na lura wlh yawancin masu ƙin fita da sifana aka ɗaure su, kuma ba a shafa wa robar da ke zagaye da bakin filtar mai ba

Makaniki: Yauwa, ka ji magana. Sifana ta kwancewa ce. Wajen ɗaurawa ka shafa sabon mai a robar, ka murɗa da hannu, in ta taɓa mazauni ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye, ko abin da aka rubuta a jikin filtar. Kuma ka leƙa ka tabbata tsohuwar robar ta fito tare da ita, in ta manne a inji ka ɗora sabuwa a kai, kana tada mota mai zai tsiyaye.

Mai Corolla: Tawa mai murfi ce ashe, yanzu na leƙa. Kofin zan nema.

Direba: In ka gama ka ara min in gwada, amma sukundirebana na nan a but.