Yaya jaridun Gandhi suka rayu ba tare da talla ba?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ce Mahatma Gandhi na Indiya ya yi shekara da shekaru yana fitar da jaridu, kuma ya ƙi karɓar talla. To da me ake biyan kuɗin takarda da ma'aikata? Kuma jaridun nan na siyasa ne zalla, ko har da gyaran al'umma?

Tsohon Mai Ɗab'i:
Wa alaikumus salam Malam. Jaridu huɗu ne manya. Ta farko Indian Opinion, an fara ta a Durban ta Afirka ta Kudu a 1903, da Turanci da Gujarati da Hindi da Tamil, daga baya aka ajiye biyun ƙarshe. Sai Young India ta Turanci da Navajivan ta Gujarati, waɗanda ya karɓi ragamarsu a 1919 ana buga su a Ahmedabad. Ta huɗu Harijan, 1933. Duk na mako-mako ne.

Sirrin yana cikin rage kashe kuɗi. A 1904 ya kwashe injin ɗab'in daga Durban ya kai gonar Phoenix, ma'aikata suka zauna a can suna noma, ana ba kowa ɗan abin kashewa na fam 3 a wata. Haruffa da hannu ake jera su, in injin mai ya ƙi tashi a juya da hannu. Duk da haka jaridar ta sha cin kuɗin aljihunsa, wanda yake samu daga aikin lauya. A Indiya kuwa ya dage sai jaridun sun mallaki maɗaba'arsu, domin Dokar 'Yan Jarida ta 1910 ta ba gwamnati ikon neman kuɗin jingina daga mai maɗaba'a, ta kuma cinye su in ta ga rubutun da bai yi mata ba. Mai maɗaba'ar haya ba zai yarda ya yi asarar injinsa saboda rubutun wani ba. Shafuka kaɗan, ba hotuna, kuɗin masu saye da na littattafan da maɗaba'ar Navajivan ke bugawa su ne jari.

Malama Mai Tarihi:
Bari in taɓa tambayarka ta biyu. A wurinsa ba a raba biyun. Fitowa ɗaya za ka ga suka ga mulkin Ingila, a gefe kuma bayani kan kaɗi da saƙar khadi (tufafin saƙar hannu), tsaftar masai, auren yara ƙanana, halin da matan da mazansu suka mutu ke ciki, shan giya, da zaman Hindu da Musulmi. Wasiƙun masu karatu ma yakan buga su, har na masu zaginsa, ya amsa a ƙasa. Kalmar satyagraha kanta, wato sunan gwagwarmayarsa ta lumana, daga gasar da Indian Opinion ta sa wa masu karatu ta samo asali.

Ƙin talla shi ya ba shi bakin faɗin wannan duka, tunda mai sayar da maganin bogi ko taba ba shi da igiyar da zai ja. Amma gwamnati tana da tata igiyar. A Maris 1922 aka gurfanar da shi kan maƙaloli uku na Young India ƙarƙashin sashe na 124A na dokar hana tunzura jama'a a kan gwamnati, ya amsa laifi, alƙali Broomfield ya yanke masa shekara 6, aka sake shi a 1924 bayan an yi masa tiyata. A 1930 aka ƙwace maɗaba'ar, jaridar ta koma fita a 'yan takardun da ake turawa da injin kwafi.

Ɗan Gaskiya:
Kada a manta da Harijan, don nan ne gardamar take. Yana tsare a kurkukun Yerawada aka fara ta, manufarta yaƙi da ƙyamar mutanen da ake cewa ba a taɓa su: a buɗe musu rijiyoyi, makarantu da wuraren bauta. Tana da 'yan uwa biyu, Harijan Sevak da Hindi, Harijan Bandhu da Gujarati.

Sai dai Dokta Ambedkar, wanda shi ɗan cikin mutanen ne, bai gamsu ba. Yana da nasa jaridun da harshen Marathi: Mooknayak a 1920, Bahishkrit Bharat a 1927, Janata a 1930. Ya ƙi sunan Harijan ɗin ma, wanda Gandhi ke kiran waɗannan mutane da shi, ya ce muddin tsarin rarrabe mutane bisa haihuwa yana nan, tausayin na sama ba zai raba na ƙasa da ƙasƙanci ba, abin da ake bukata haƙƙi ne a doka da kujeru a majalisa. A ganina hujjarsa ta fi ƙarfi a nan. Malam, in za ka karanta Harijan ta shekarun 1930, ka haɗa da amsoshin da Ambedkar ya bayar a lokacin da suka yi ta mayar wa juna martani a kan batun.