An cire wa zomon ɗana ƙafar baya, yaya zan yi jinyarsa?

Maman Biyu, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu kiwon zomo da likitocin dabbobi da ke nan, shawara nake nema, kuma kar a yi mini dariya, wadda aka yi mini a gida ma ta ishe ni.

Zomo ɗaya tal gare mu, fari fat mai jan ido, yara suka sa masa suna Bature. Ba na kasuwa ba ne, na babban ɗana ne mai shekara tara, kawunsa ya kawo masa shi yana ɗan mitsitsi a cikin kwalin taliya, yanzu ya kusa shekara biyu a hannunmu. Kwanakin baya da daddare mage ta dira a kan kejinsa, ya firgita, ƙafarsa ta baya ta hagu ta maƙale a ragar ƙasan kejin, ya yi ta fizga har ta karye, ƙashi ya ɓullo waje. Laifina ne a nan, ba zan ɓoye ba. Maimakon in nufi asibitin dabbobi sai na bari aka kai shi wurin wani mai ɗori a unguwa, ya ɗaure da kara da tsumma tamau. Da aka kwance bayan kwana biyar ƙafar ta yi baƙi ƙirin tana ɗoyi. Likita ya ce ko a cire ta ko a rasa shi gaba ɗaya. Maigida ya ce a kawo wuƙa a huta, yaron ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci. Ƙarshe dai kuɗin adashina na ɗauka, aka yi aikin ranar Litinin, aka cire ta tun daga cinya.

Yau kwana uku ke nan. Abin da ke damuna: ba ya ci sosai, sai ya shinshina dusa ya kau da kai. Kashinsa ya koma 'yan ƙanana busassu, kuma kaɗan. In ya yunƙura zai tashi a kan tayil sai ya zame ya kife ta gefen da babu ƙafar, fitsari ya jiƙa masa ciki. Jiya na kama shi yana taɓa zaren ɗinkin da haƙori. Maganin da aka ba mu na sirinji kuwa sai an yi dambe kafin ya sha, ni yanzu ko inuwata ya gani sai ya juya mini baya. Shin zomo yana rayuwa da ƙafa uku kuwa, ko wahalar da shi kawai nake yi?

Baban Gida

Wa alaikumus salam. Hajiya ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma ni ina bayan maigidanki. Zomo duk ƙarfinsa a ƙafar baya yake. Kuɗin da kika kashe ya sayi wasu zomaye biyar da keji sabo. A lallashi yaro a saya masa wani, yara saurin mantuwa gare su.

Mai Zomaye, Funtua

Baban Gida, ai bakin alƙalami ya riga ya bushe, an yi aiki an gama. Kuma ko yankan ake so yanzu jikinsa cike yake da allurai, naman bai ciwuwa sai an jira. Bari mu ba baiwar Allah amsar abin da ta tambaya.

Maman Biyu, yana rayuwa sarai. Na taɓa samun wata zomanya da ɓera ya cinye wa ƙafar baya tun tana cikin gashin uwarta, ta girma da uku, in na buɗe keji kafin in kamo ta sai na yi gumi. Naki dai babba ne, ya saba da huɗu, sai ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya gane inda zai riƙa aza nauyinsa. Za ki ga yana jawo ƙafar da ta rage zuwa tsakiyar cikinsa, to ya fara ganewa ke nan.

Abu na farko, ki raba shi da tayil yau ɗin nan, ki raba shi da kejin raga har abada. Zomo ba shi da tsoka a tafin ƙafa irin ta mage ko kare, gashi ne kawai tsakanin fatarsa da ƙasa. Ƙafa ɗaya ke ɗauke da aikin biyu yanzu, in ta ci gaba da gogar waya ko siminti gashin dunduniyar zai tsige, wurin ya yi ja, ya zama gyambo. Ran da wannan ƙafar ta lalace, to magana ta ƙare. Ki samu lungu ɗaya a ɗaki ki kewaye, kar ya yi faɗi, ki shimfiɗa tsohuwar darduma ko buhun algarara, ki ɗora tsohon zani ko tawul ninki biyu, kina canzawa da zarar ya jiƙe. Ki naɗe wani tawul kamar gammo ki ajiye masa ta gefen hagu, zai riƙa jingina. Kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba, kusa da bakinsa.

Dusa kuma ki ajiye ta tukuna. Zomo marar lafiya ɗanyen ganye ke jan ransa: ganyen dankalin Hausa, ganyen karas, ɗan latas, ki wanke ki ba shi da ɗan danshinsa. Harawar gyaɗa mai kyau, wadda ba ta yi fumfuna ba, ta zauna a gabansa dare da rana. Ko ya warke kar ki bari yaran su cika shi da dusa da burodi don tausayi, ƙiba ita ce babbar abokiyar gabar mai ƙafa uku.

Batun juya miki baya, ai kin san zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Likita ya yanke ƙafa ya tafi abinsa, ke mai sirinji ke za ki sha gaba.

Likitar Dabbobi

Sannu da ƙoƙari 'yar uwa. Duk abin da Malam na Funtua ya faɗa haka yake. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a bayaninki ba ɗinkin ba ne, ƙananan kashin nan ne. Hanjin zomo ba ya son hutu ko kaɗan. In ya daina ci hanjin sai ya lafa, iska ta taru, cikin ya yi ciwo, ciwon ya ƙara hana shi ci, haka abin zai yi ta zagayawa. Zomon da ya yi awa 12 bai ci komai ba kuma bai yi kashi ba, ba a jira gari ya waye, asibiti ake komawa. Naki bai kai nan ba tunda yana ɗan yi, amma ya kama hanya.

Yawanci ciwo ne ke hana su ci bayan aiki, kuma zomo ba ya kuka ya nuna miki. Sai dai ki gan shi a takure, ido a lumshe, wani lokaci yana taunar haƙora da ƙarfi har kina ji. Ki duba cikin magungunan da aka ba ki ko akwai na rage ciwo, wanda muka fi ba su shi ne meloksikam. In babu, ko ya ƙare, ki koma wurin wanda ya yi aikin gobe, ki kuma gaya masa zancen kashin. Ba zan rubuta miki awo a nan ba, sai an ɗora shi a sikeli. Kuma don Allah kar wani ya ce ki buɗe kafso na mutane ki zuba masa a ruwa. Amoksisilin da Ampiclox da danginsu in aka ba zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, zawo ya biyo baya, sau da yawa ba a tashi.

Kafin ki koma, ki taimaka masa da ci. In kina da abincin zomo na buhu ki jiƙa da ruwan ɗumi ya yi kamar kunu, in babu ki niƙa ganyen da yake so da ɗan ruwa. Ki naɗe shi a tawul, ƙafafunsa a ƙasa, kar ki kwantar da shi rigingine. Ki sa bakin sirinji ta gefe, bayan haƙoran gaba akwai fili a wurin, ki matsa kaɗan, ki jira ya tauna ya haɗiye. Kaɗan kaɗan sau da yawa a yini. Maganin ma ta nan za ki bi, damben zai ragu. Wajen ɗauka, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ɗuwawu, ban da kama kunne. Ƙashinsu ba shi da nauyi, in ya yi harbi a sama yana iya karya bayansa.

Ɗinki: ki duba safe da yamma. Kumburi, wari, ruwa ko buɗewa, a koma asibiti. In ya ɓaci ki tafasa ruwa kimanin ledar fiya wata ɗaya, ki sa ƙaramin cokalin gishiri, ya huce, ki goge da auduga ki busar. Ban da toka, ban da baƙin mai, ban da kananzir. Taɓa zaren da yake yi shi ma sau da yawa ciwo ne, in an rage ciwon yakan bari. In bai bari ba ki yanke tsohuwar safa ko rigar jariri ki sa masa ta rufe wurin. Zaren waje akan cire shi tsakanin kwana 10 zuwa 14.

Kar ki yi masa wanka gaba ɗaya saboda fitsarin, inda ya jiƙe kawai za ki goge ki busar sosai. Ga damina ta kawo kai, ƙuda na samun gashi mai danshi zai yi ƙwai, cikin yini guda tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin nama. Ki ɗaga shi ki leƙa ƙarƙashinsa sau biyu kullum, ki kuma rufe lungun da gidan sauro.

Saura abu biyu na nan gaba. Da ƙafar baya zomo ke sosa kunne ya fitar da dauɗa, to kunnen hagu ya zama naku, duk sati a leƙa a goge bakinsa da auduga, ba a zura tsinke ciki. Sannan akwai wani kashi mai laushi a cure kamar 'ya'yan inabi da yake yi, yakan lanƙwasa ya cinye shi kai tsaye, abinci ne a wurinsa. In kin tarar da shi a kan shimfiɗa don ya kasa kaiwa, ba zawo ba ne, ki ɗebo a ganye ki ajiye masa a gaba.

'Yar Maraɗi

Ni zafi kawai zan ƙara. Zomo ba ya gumi, ta kunne yake rage zafi, ga shi an killace shi a ɗaki. Mu nan robar ruwa mai sanyi muke naɗewa a zani mu ajiye masa ya jingina, ko a sa shi kusa da randa. Kuma ki ba yaron aikin ƙirga kashin da duba ruwa, ya san cewa riƙon dabba ba wasa da ita kaɗai ba ne.

Maman Biyu, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Baban Gida, maigida ya karanta taka ya ce a gaishe ka.

Yau kwana 12. Likita, maganarki ta fito, na ciwon na kwana uku ne kawai aka ba mu kuma ya ƙare, da na koma aka ƙara. A daren nan ya cinye ganyen dankali har da jijiyar. Kashin ya dawo girmansa, yaron yana tara shi a murfin gwangwani yana kawo mini rahoto kafin ya tafi makaranta. An cire zare jiya. Har yanzu yakan kife in ya yi saurin juyawa, amma yana tashi da kansa. Abin da ke ba ni tausayi, sai ya karkata kai, dungun ya yi ta motsi wai yana sosa kunne, sai yaron ya zo ya sosa masa da yatsa, shi kuma ya lumshe ido.

Malam na Funtua, na duba dunduniyar dama na ga wani ɗan wuri kamar ƙwayar wake gashin ya yi sauƙi, bai yi ja ba tukuna. In ƙara kaurin shimfiɗar kawai, ko akwai abin da ake shafawa? Kuma farcen ƙafar ya yi tsawo, da abin yanke farce na mutane ake rage shi?