Neman hayar gida a Jamus kafin izinin zama ya fito

Masana harkar sun ce a takardu ake cijewa. Mai gida yana neman rahoton SCHUFA (takardar tarihin biyan bashin mutum a Jamus) da shaidar albashin wata 3, sabon zuwa kuwa bai da ko ɗaya. Shawararsu ita ce a fara kama ɗaki mai kaya na 'yan watanni, amma a tabbata mai ɗakin zai ba da takardar shaidar shiga gida. Sai da ita ake rajistar adireshi cikin mako 2 da shiga gidan, in babu rajistar kuma, buɗe asusun banki kan yi wuya.

Kuɗin ajiya da ake ba mai gida a matsayin jingina doka ta hana ya wuce tsurar hayar wata 3 (wato ban da kuɗin ruwa, ɗumama gida da makamantansu), kuma ana iya biyansa kashi uku. Kada a tura ko sisi kafin a ga gidan ido da ido, 'yan damfara baƙi suke hari.