Ganyen yana bushewa kafin in kai wa mai shi, ku ba ni shawara

Maman Nana: Salamu alaikum 'yan uwa. Maƙwabciyata ce a Sabon Gari, Kirista 'yar Benin. Tun mijina na raye muke tare, ita ta yi jinyata lokacin haihuwar Nana, ba layyar da ta wuce ban aika mata nama ba, mijinta ma shi ya samo wa ƙanena aikin gadi, ko da yake yaron bai zauna ba, wannan wani zance ne. To ta san ina kwalliyar ɗakin amare, sai ta nuna mini hoto a waya, wani zagayayyen ado na ganye da jajayen 'ya'ya da suke yi lokacin Nuwel. Ta ce ba ta son na roba, na abin dajinmu take so. Ta ba ni jaka uku, sun riga sun shiga cefane. Na ɗaure ganyen bedi a jikin wayar ƙarfe, kafin gari ya waye hunturu ya gama da shi, ana taɓawa yana zuba. Ga 25 ga Disamba ta matso. Me zan sa da zai jure?

Ɗan Birni: Ƙanwata, tun daga tushe aka kuskure. Na Turawa da ganyen itacen ƙasar sanyi ake yi, siriri kamar allura, yana makonni bai saki ba. Nan Damagaram ba ɗanyen ganyen da zai yi miki haka a Disamba. Ki samo tsumagiyar geza ko sabara tana ɗanya, ki lanƙwasa ta zagaye, ki ɗaure da ɓawon kalgo, ta bushe a inuwa. Ki jiƙa kaba ki naɗe ta. A kai ki jera 'ya'yan bagaruwa, zangarniyar gero da 'ya'yan gawo, jan kuma busasshen zoɓorodo. Abin da ya riga ya bushe, iska ba ta da abin da za ta yi masa.

Zara'u: Na ƙofa ne ko na tebur? Ba ki faɗa ba.

Inna ta Miriya: Wane gawo kuma? Yanzu ganye ne a kansa, 'ya'yan sai rani ya yi nisa suke zuba. Kuma don Allah 'yan birni ku bar mana gawonmu. Bara yara suka shigo gonata da buhu, suka tsince abin da nake tara wa awakina tas, na yi magana uwarsu ta ce ai na Allah ne. Ni da kuɗi na sayi dusa har damina.

Maman Nana: Inna, ni ban taɓa gonar kowa ba. Bedin ƙofar gidanmu ne. Kuma Yaya, kore ta ce take so, in na kai mata kaba da gero ai cewa za ta yi faifai na saƙa mata.

Ɗan Birni: To ki rina kabar kore, yadda masu tabarma ke yi, garin rini na nan a kasuwar Dole. Inna ta yi gaskiya kan gawo, tun zamanin Sarki Tanimun aka hana saransa, har gobe in 'yan gandun daji suka kama mutum da reshensa sai tara. A cire shi, sauran maganata tana nan.

Abdu Kabu-kabu: Kar ku tuna mini. Guntun ice na ɗauko wa wata tsohuwa a bayan babur, cinikin yini ya tafi a tara.

Hajiya ta Zango: 'Yata, ki sa idon zakara, shi ne jan da ke ƙyalli. Ganyen itacen turare kuma ko ya bushe ba ya zuba kamar bedi, ga ƙamshi.

Zara'u: Hajiya, idon zakara guba ne in aka tauna, in da ƙananan yara a gidan a bar shi. Tumfafiya ma kar ki kusance ta, ruwanta na lahanta ido. Magarya ta nuna yanzu, a huda a zira a zare. Har yanzu dai ba a ce na ƙofa ne ko na tebur ba.

Malam Sani: Ni tambayata daban ce. Kin tambayi malamai kafin ki karɓi aikin?

Maman Nana: Malam, sana'a ce da haƙƙin maƙwabtaka, shawarar ganye na zo nema. Hajiya na gode, amma turaren da na sani yana cikin wata ma'aikata, mai gadi ba zai bari ba. Ina ganin bedin zan sake, in haɗa ranar 24 da dare in riƙa yayyafa ruwa. Zara'u, ban tambaye ta ba, amma a hoton akwai kyandir huɗu.

Ɗan Birni: Kyandir huɗu? Wannan ai na tebur ne, ana kunna ɗaya kowace Lahadi, Lahadi huɗu kafin Nuwel, ke nan an riga an fara. Kuma kyandir a tsakiyar busasshiyar kaba gobara ce. Ki je ki tambaye ta yau.

Maman Nana: Yaya, yanzu kuma kabar da ka nace a kanta ba ta yi ba? Ni nauyin zuwa nake ji hannu biyu, kuɗinta na hannuna.

Inna ta Miriya: In dai kaba ce ina da ita, zan shigo kasuwa ranar Alhamis.