Jaririyata tana juya ido cikin barci, in riƙa tashinta?

Maman Jaririya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara. Haihuwata ta fari ce, yarinyar ko wata biyu ba ta cika ba. Da barci ya ɗauke ta sai in ga ƙwayar idonta tana kai-komo a ƙarƙashin fatar ido, yatsunta na zabura, ta yi murmushi ko ta ɓata fuska, numfashin ya yi sauri sannan ya lafa. Yayata ta ce in riƙa tashinta kada ta firgita. Ni kuwa tsorona kada ya zama farfaɗiya.

Nas Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, kada ki tashe ta. Wannan shi ne barcin motsin ido, wanda likitoci ke kira REM. Kowa yana yinsa, har ni da ke. A wurin babba yakan ci kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na barcinsa, shi ne lokacin da aka fi yin mafarki. Jariri sabon haihuwa kuwa kusan rabin barcinsa ke nan, kuma da shi yake fara barci, shi ya sa kike ganin abin da zarar ta rufe ido.

Malamin Bayoloji:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara da dalilin da ya sa tashin nata asara ne. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano wannan barcin a Jami'ar Chicago da ke Amurka. Sun ga ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar mutum yana farke, alhali barcinsa yake yi. A 1966 Howard Roffwarg da abokan aikinsa suka lura cewa jarirai sun fi kowa yinsa, yana raguwa yayin da yaro ke girma. Daga nan suka kawo ra'ayin cewa ƙwaƙwalwar jariri tana motsa kanta ne daga ciki domin jijiyoyinta su haɗu su yi ƙwari, tun da abin da yake gani da ji a farke bai taka kara ya karya ba. Bakwaini ma ya fi cikakken jariri yinsa, kuma hakan na ƙarfafa wannan ra'ayi.

Zaburar yatsun ita ta fi burge ni. Binciken Mark Blumberg a Jami'ar Iowa a kan 'ya'yan ɓera ya nuna duk zabura tana aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, ta haka take koyon inda kowace gaɓa take. Mu manya kuwa, ƙwaƙwalwa takan saki tsokar jiki kusan gaba ɗaya a wannan lokacin don kada mu aikata abin da muke mafarki. Idan mutum ya farka jikin bai dawo ba, shi ne dannau.

Maman Biyu:
Nawa duka haka suka yi. Ko ta ɗan yi ƙorafi, ki dakata kaɗan kafin ki ɗauke ta, sau da yawa barcinta take yi.

Maman Jaririya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma Mama, yaya zan bambance shi da ciwo?

Nas Mai Ritaya:
Zaburar barci tana tsayawa da zarar yarinya ta farka. Idan tana jijjiga ido biyu, ko jikinta ya sanƙare, ko leɓenta ya sauya launi ya yi duhu, ko numfashi ya ɗauke har daƙiƙa 20, ko ta ƙi nono, ko ta yi zazzaɓi, to asibiti kai tsaye, kada ki jira gari ya waye. Ɗan tsaikon numfashi na daƙiƙa 5 zuwa 10 da take ci gaba da kanta ba komai ba ne a wannan shekarun. In zuciyarki ba ta natsu ba, ɗauki bidiyon motsin da wayarki ki nuna wa likita. Kuma kullum ki kwantar da ita a rigingine, ba matashi ko bargo kusa da fuskarta.